Ƙarfe uku na dare a gidan tsofaffi: wa ke da bakin magana?

Wata ƙanwata, 'yar ƙanin mahaifina, tana aikin kula da tsofaffi a wani gida da ke arewacin Ingila tun 2023. Aikin dare take yi, daga takwas na dare zuwa takwas na safe. Wata rana bayan ta tashi daga aiki ta kira ni, muryarta a dashe. Ta ce su biyu ne kawai a benensu, tsofaffi kuwa sun haura ashirin, rabinsu gigin tsufa ya kama su. Akwai waɗanda ba a ɗaga su daga gado sai da na'urar ɗaga mutum, kuma ƙa'idar gidan ta ce mutum biyu ne za su riƙe na'urar. To idan su biyun suka shiga ɗaki guda suka rufe ƙofa don suturta wani dattijo, babu kowa a farfajiya. A irin wannan lokaci ne wata tsohuwa ta taso neman banɗaki, ta faɗi, ta kwanta a ƙasa har suka fito.

Na ce mata, “To ki sanar da hukuma mana, ai akwai lambar da ake kira.” Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, “Yaya, takardar zamana fa a hannunsu take.”

Tun daga ranar nake juya wannan magana. Ingila ba ta rasa dokokin kula da gidajen tsofaffi da masu naƙasa ba. Ƙasashe kaɗan ne suka kai ta yawan ƙa'idoji a wannan fanni. Amma na yi imani cewa lafiyar tsohon da ke kwance a irin wannan gida ta rataya ne a kan abu guda da dokar ba ta tsare shi yadda ya kamata ba, wato ko ma'aikaciyar da ke tsaye a kansa da tsakar dare za ta iya buɗe baki ta faɗi abin da ta gani ba tare da ta rasa abincinta ba, kuma ko akwai mai ɗaukar wayar idan ta kira.

Tsarin a takarda yana da kyau ƙwarai. Hukumar da ke sa ido kan asibitoci da gidajen kula da mutane a Ingila, wadda aka fi sani da CQC, ta fara aiki a 2009. Ba a buɗe gida sai da rajistarta. Sufetocinta kan zo, yawanci ba sanarwa, su auna gida da tambayoyi 5: ko mazauna suna cikin aminci, ko kulawar tana aiki, ko ana yi musu da tausayi, ko ana biyan buƙatar kowa yadda take, ko shugabancin gidan nagari ne. Daga nan a ba gida ɗaya daga matsayi 4, daga fitacce, zuwa mai kyau, zuwa mai buƙatar gyara, zuwa wanda bai cancanta ba, kuma dole ne gida ya kafa sakamakonsa inda kowa zai gani. Dokokin 2014 sun shimfiɗa abubuwan da ba a yarda a gaza a kansu ba: mutunta mutum, neman yardarsa kafin a taɓa shi, ci da sha isasshe, tsabtar muhalli, adana magani da bayar da shi daidai. Har akwai ƙa'idar da ta tilasta wa gida ya faɗa wa dangi gaskiya ya kuma ba da haƙuri idan an yi kuskuren da ya cutar da nasu. Wannan ta burge ni, domin ta san halin ɗan Adam na rufa-rufa.

Sai dai a duba ƙa'idar da ta shafi ma'aikata. Cewa ta yi a samar da isassun ma'aikata masu cancanta. Ba ta ce nawa ba. Mai gida ne zai auna ya ce mutum biyu sun isa bene guda da dare, kuma shi ne mai biyan albashi. Albashi kuwa shi ne mafi girman abin da gida ke kashewa, saboda haka duk lokacin da kuɗi ya matse, nan ne ake fara yanka, kuma aikin dare ake fara taɓawa, lokacin da dangi sun tafi gida, manaja yana barci, sufeto ma da wuya ya leƙo.

Abin da dare ke ɓoyewa ya fito fili a Sikotland, inda tsarin sa ido daban ne amma darasin ɗaya ne. Ranar 31 ga Janairu 2004, wajen ƙarfe huɗu da rabi na asuba, gobara ta tashi a gidan tsofaffi na Rosepark da ke garin Uddingston, kusa da Gilasgo. Wayar lantarki ce ta samu matsala a cikin wani kabad na ajiya. Wutar kanta ba ta yi girma ba, hayaƙi ne ya yi ɓarna, ya bi farfajiya ya shiga ɗakunan da ƙofofinsu ke buɗe. Ma'aikatan dare ba su gane inda na'urar ƙararrawa ke nuna musu ba, suka tafi neman wutar a wani wuri, sai bayan minti 9 aka kira 'yan kwana-kwana. Mutum 14 suka rasu. Binciken da alƙali Brian Lockhart ya kammala a 2011 ya nuna cewa ba a taɓa yi wa gidan tantancewar haɗarin gobara yadda ya dace ba, kuma ba a horar da masu aikin dare ta hanyar gwaji na gaske ba. Ban ɗora wa waɗannan ma'aikata laifi ba. An bar su da rayukan mutane a hannu ba tare da an koya musu abin yi ba. Bayan wannan gobara ne Sikotland ta wajabta sa famfunan rufi masu feshin ruwa da kansu a sababbin gidajen kula da mutane, tun daga 2005.

Gobara tana zuwa sau ɗaya ta tashi hankalin ƙasa. Sakaci kuwa a hankali yake kisa, kuma shi ne ya fi yawa: tsohon da ba a juya shi a gado ba har gyambon kwanciya ya ci bayansa, kofin ruwan da aka ajiye inda hannunsa ba ya kaiwa, maganin tsinka jini da aka ba shi ninki uku. Haka ta faru a Orchid View, wani sabon gida a yankin West Sussex da aka buɗe a 2009, mallakar kamfanin Southern Cross. A farkon 2010 hukuma ta ba shi matsayin mai kyau. A 2011 aka rufe shi. Mai binciken musabbabin mutuwa, Penelope Schofield, ta duba mutuwar mutum 19 a 2013, ta yanke cewa sakaci yana da hannu a 5 daga ciki, ta kuma ce cin zarafi ya zama ɗabi'ar gidan tun daga sama har ƙasa. Wa ya tona? Wata ma'aikaciyar ofis ce ta gidan, wadda aka sa ta yayyaga takardun magani don a ɓatar da shaida, daga baya ta kira 'yan sanda.

Kamfanin da ke da gidan, Southern Cross, shi ne mafi girma a wannan harka a lokacin, yana da gidaje kusan 750 da mazauna kusan 31,000. An sayar da gine-ginen an koma haya a cikinsu, kuɗin haya yana hawa kowace shekara, kuɗin da ƙananan hukumomi ke biya bai bi shi ba, kamfanin ya durƙushe a 2011. Wanda yake fama da mai gidan haya ba zai ƙara ma'aikacin dare ba.

A wannan shekarar dai, ranar 31 ga Mayu, shirin Panorama na BBC ya nuna abin da kyamarar ɓoye ta ɗauka a Winterbourne View kusa da Bristol. A takarda asibiti ne mai zaman kansa, a zahiri kuwa mazauni ne na masu lalurar jinkirin fahimta, wasu sun shekara a ciki, gwamnati tana biyan kusan fam 3,500 a mako a kan kowane mutum ɗaya. Aka ga ma'aikata suna marin su, suna danne su a ƙarƙashin kujera, suna watsa musu ruwan sanyi. An hukunta ma'aikata 11 a 2012, aka ɗaure 6. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya gabaci kyamarar. Wani babban nas na wurin ya rubuta wa shugabanninsa, ba su yi komai ba. Ya tuntuɓi CQC, ba sau ɗaya ba, ba a bi maganarsa ba. Sai da ya gaji ya je wa 'yan jarida. Hukumar ta amsa kuskurenta ta ba da haƙuri, aka yi alƙawura masu yawa. Shekara 8 bayan haka, a 2019, Panorama ta sake nuna irin wannan cin zarafi a Whorlton Hall da ke yankin Durham, wurin da yake riƙe da matsayin mai kyau. Daga baya aka gano cewa wani sufeton hukumar ya rubuta rahoton damuwa a kan wurin tun 2015, ba a wallafa shi ba.

A jera waɗannan a duba. A kowannensu akwai wani a ciki da ya sani, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sufeto baƙo ne na kwana ɗaya ko biyu. Yana karanta fayil, yana zagayawa, yana tambayar waɗanda ke iya amsawa. Mai gigin tsufa ba zai iya ba shi labarin daren jiya ba, wanda ba ya magana ba zai nuna masa wanda ya murɗe masa hannu ba. Fayil kuwa, wanda ya yi sakacin shi ne ya cike shi. Ba raina takarda nake yi ba. Rubuta lokacin da aka juya majiyyaci da yawan ruwan da ya sha yana ceton rai idan da gaskiya aka rubuta. Amma mai aiki ita kaɗai, wadda ƙararrawa uku ke kiranta a lokaci guda, za ta zauna da asuba ta cike layukan daga ƙwaƙwalwa, kuma takardar za ta fito tsaf.

Ko baƙon ma ya rage zuwa. Gwamnati ta sa Dakta Penny Dash ta binciki hukumar CQC kanta a 2024. Ta samu cewa ziyarce-ziyarcen bincike sun faɗi daga kusan 16,000 a shekarar 2019 zuwa 2020, sun koma kusan 7,000 a 2023 zuwa 2024. Kusan 1 cikin 5 na wuraren da hukumar ke da ikon dubawa ba a taɓa ba su matsayi ba, waɗanda aka ba su kuma, matsakaicin shekarun sakamakonsu ya doshi 4. Ministan lafiya Wes Streeting ya fito ya ce hukumar ba ta iya aikin da aka kafa ta dominsa. A shekara 4 manaja ya sauya, wataƙila sau biyu, ma'aikatan da sufeto ya gani sun tafi, amma allon da ke bakin ƙofa yana nan yana cewa mai kyau, kuma da shi iyali ke zaɓar inda za su kai mahaifiyarsu.

Idan ido daga waje ya yi rauni haka, nauyin duka ya koma kan na ciki. A nan ne maganar ƙanwata ta shigo, kuma a nan ne batun ya taɓa mu kai tsaye. Bayan annobar korona, guraben aiki a fannin kula da manya a Ingila sun kai kusan 165,000. A Fabrairun 2022 gwamnati ta buɗe wa masu wannan aiki ƙofar biza daga ƙasashen waje. Mutane suka kwararo, 'yan Indiya da Najeriya da Zimbabuwe a kan gaba. Bizar tana ɗaure ne da kamfani guda, wanda ya ba ka takardar ɗaukar nauyi da 'yan Najeriya a can ke kira COS. Idan ya sallame ka, ko aka ƙwace lasisinsa, bisa al'ada kwana 60 ake ba ka ka samo wani mai ɗaukar nauyi ko ka bar ƙasar. Da yawa sun sayar da fili ko sun ci bashi sun biya dillalai dubban fam don samun wannan takarda, duk da cewa sayar da ita haramun ne a dokar can. Tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 gwamnati ta soke lasisin kamfanonin kula fiye da 470, abin da ya shafi ma'aikata sama da 39,000.

Yanzu a saka kai a matsayin matar da ke cikin wannan hali. Akwai dokar 1998 da ke kare ma'aikacin da ya fallasa ɓarna, gaskiya ne. Amma kariyar ta kotun ma'aikata ce, shari'a kuwa tana iya cin shekara ko fiye, ita kuma kwana 60 take da su. Ba ma sai an kore ta ba. A rage mata awanni, a mayar da ita wani reshe mai nisa alhali ba ta da mota, a ƙi ba ta takardar shaida mai kyau. Ko da ta kira hukuma ba ta faɗi sunanta ba, su biyu ne a benen a daren, kowa ya san wa ya yi magana. Kuma idan maganarta ta yi tasiri sosai har aka rufe gidan, ita ma ta rasa mai ɗaukar nauyinta, tare da duk abokan aikinta 'yan ci-rani. Wane tsari ne zai ce wa mutum ya faɗi gaskiya, sannan ya shirya cewa sakamakon gaskiyar shi ne tikitin komawa gida da bashi a wuya? Nas ɗin Winterbourne View da ma'aikaciyar Orchid View ba su da wannan igiya a wuyansu, amma duk da haka sun sha wahala. Ina ga wadda take da ita?

Ana yawan kallon wannan a matsayin matsalar 'yan ci-rani, a ware ta daga batun ingancin gidaje. A ganina kuskure ne babba. Tsohuwar da ta faɗi a farfajiya 'yar ƙasa ce, ta biya haraji duk rayuwarta, wataƙila ma gidanta aka sayar ake biyan kuɗin zamanta, tunda a Ingila duk wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi ke biya wa kansa. Amma bakin da zai yi magana a madadinta an ɗaure shi da dokar shige da fice. Ma'aikatar cikin gida ce ta rubuta wannan doka, ma'aikatar lafiya ce ke da alhakin tsohuwar, kuma da alama ba su zauna sun dubi abin da ɗaya ke yi wa ɗaya ba. Abin da gwamnati ta yi shi ne ta hana masu wannan biza zuwa da iyalansu a Maris na 2024, sannan ta rufe ɗauko sababbi daga waje a Yulin 2025. Wannan ya amsa kukan masu cewa baƙi sun yi yawa. Bai kwance igiyar daga wuyan dubban da suke ciki suna aiki yau da dare ba.

Gyaran ba mai wuyar fahimta ba ne. A ɗaure bizar da fannin aikin gaba ɗaya maimakon kamfani guda, yadda ma'aikaci zai iya barin mugun gida ya koma nagari ba tare da zamansa ya girgiza ba. Ƙungiyar ƙwadago ta Unison ta daɗe tana neman haka. Sannan a sa adadi a kan kalmar isassu. Ostireliya ta gwada. Bayan hukumar bincike ta musamman da aka kafa a 2018 ta fitar da rahotonta na ƙarshe a 2021 da shawarwari 148, ƙasar ta wajabta samun ƙwararriyar nas a gidan tsofaffi dare da rana tun daga Yulin 2023, ta kuma ƙayyade matsakaicin minti 200 na kulawa ga kowane mazauni a kullum, 40 daga ciki na nas, aka ɗaga zuwa 215 da 44 a Oktoban 2024. Masu gidaje suna cewa ƙidayar minti ba ta auna tausayi, kuma a ƙauyuka nas ɗin ma babu ita. Suna da gaskiya a duka biyun. Amma adadi yana ba ƙaramar ma'aikaciya abin riƙewa. Maimakon ta ce a ganina ba mu isa ba, wanda manaja zai amsa da nasa ganin, sai ta nuna lamba. Kuma dole a faɗi ɗaya gefen: yawancin masu wannan aiki ana biyansu daidai ko ɗan sama da mafi ƙarancin albashi, wanda ya kai fam 12.21 a awa a Afrilun 2025, kuma ƙananan hukumomi suna biyan gidaje kuɗin da sau da yawa bai kai abin da ake kashewa ba. Duk wanda ke son mutum na uku a bene da dare, sai ya yarda a biya shi daga aljihun jama'a.

Abu guda da na yaba shi ne ƙa'idar Afrilun 2024 da ta mayar da ziyarar dangi haƙƙi da dole gida ya kiyaye. An koyi wannan da tsada a lokacin korona, sa'ad da aka rufe ƙofofi watanni, alhali a farkon annobar an kwashe majiyyata kusan 25,000 daga asibitoci zuwa gidajen tsofaffi, da yawansu ba gwaji, manufar da babbar kotu ta ce ta saɓa doka a 2022. 'Yar da ke zuwa kullum tana ganin leɓen uwarta ya bushe, tana jin warin da fayil ba ya ɗauka, kuma ba mai riƙe da takardar zamanta.

Na san wani mai karatu zai ce wannan matsalar Turawa ce, mu ba ma kai iyayenmu gidan baƙi. Alhamdulillahi, har yanzu kunya da zumunci suna riƙe da mu a nan. Amma muna da gidajen marayu, da gidajen gajiyayyu, da gidajen mari inda iyaye ke kai 'ya'yan da shaye-shaye ko taɓin hankali ya fi ƙarfinsu. A Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa da ke Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, wata guda bayan haka aka ga irinsa a Daura. Waɗannan gidaje suna tsakiyar unguwa, akwai masu dafa abinci, akwai masu gadi, akwai maƙwabta. An sa hannu a dokar cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018, da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2023 wadda ta maye gurbin ta 1958, kuma gidajen tsofaffi na kuɗi sun fara bayyana a Legas da Abuja. Masu rubuta mana ƙa'idoji za su kwaikwayi jerin tambayoyin Ingila cikin sauƙi. Ina roƙon su fara da tambayar wa mai shara ko mai gadi zai kira, da abin da zai same shi washegari.

Ƙanwata ta rubuta faɗuwar tsohuwar a littafin aukuwa, da lokacin, da inda su biyun suke a sa'ad da abin ya faru. Ta faɗa wa manaja baki da baki cewa suna buƙatar mutum na uku, aka ce mata an ji, za a duba. Ba ta kira hukuma ba, ni kuma ban sake ce mata ta kira ba, domin na san bashin da mahaifinta ya ci kafin ta tafi. Da muka yi magana kwanan baya ta ce tsohuwar ta dawo daga asibiti, an sa mata tabarma mai ƙararrawa a gefen gado wadda ke kuka idan ta sauko da ƙafa. Har yanzu su biyu ne a benen, kuma idan tabarmar ta yi kuka suna riƙe da wani a na'ura, sai sun sauke shi lafiya kafin ɗaya ta ruga.